Amsoshin Tambayoyinku: Fili ɗaya, biya sau biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tuƙa jirgi a manhajar Microsoft Flight Simulator a kwamfuta, kuma na daɗe ina sayen ƙarin filayen jiragen sama daga shaguna daban-daban na intanet. Makon jiya na biya kuɗin filin Dubai, sai da na sauke na tarar ashe ina da shi tun bara, a wani shagon na saya. Yanzu ban ma san iyakar abin da na mallaka ba. Za su mayar mini da kuɗina? Kuma ta yaya zan riƙe lissafi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kuɗin nan ka sa a ranka sun tafi. Yawancin shagunan ba sa mayar da kuɗin kayan da aka riga aka sauke. Amma ka rubuta wa shagon na biyu cikin ladabi, ka haɗa da rasit ɗin duka biyun, ka roƙi a musanya maka da wani kayan. In sun yi, alfarma ce. In sun ƙi, ba su zalunce ka ba.

Dalilin rikicewar shi ne kasuwar a warwatse take. Akwai Marketplace da ke cikin manhajar kanta, ga simMarket, ga Orbx, ga Aerosoft, ga iniBuilds, ga Just Flight, sannan wasu masu ƙera filayen suna da nasu shagon. Fili guda sai ka gan shi a shaguna uku ko huɗu, kuma babu wanda ya san abin da ka saya a wurin ɗan'uwansa, balle ya ce maka dakata. Kowanne kuma da manhajarsa ta girkawa, irin su Orbx Central da Aerosoft One da iniManager, kowacce kayan gidansu kaɗai take nuna maka. Lissafin gaba ɗaya kai ne za ka riƙe shi, kamar yadda mai shagon unguwa yake riƙe littafin bashi.

Ka buɗe Excel ko Google Sheets, ko ka sayi littafi mai shafi arba'in in ka fi ganewa da biro. Layin farko kada ka sa sunan gari, ka sa haruffa huɗun nan da ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ba kowane fili: OMDB Dubai, EGLL Heathrow, OEJN Jidda, OEMA Madina, DNKN Kano, DNAA Abuja, DNMM Legas, DRRN Yamai. Suna yana ruɗarwa, domin Landan kaɗai filayenta sun fi uku, kuma shago ɗaya zai rubuta sunan gari, wani ya rubuta sunan sarkin da aka raɗa wa filin. Haruffan ba sa canzawa daga shago zuwa shago. Bayan su sai sunan wanda ya ƙera, shagon da ka saya, imel ɗin da ka yi amfani da shi, ranar saye, lambar oda, lambar lasisi in akwai, da manhajar da aka yi shi dominta. Ka ƙara layi ɗaya na abin da ya fita daga asusunka a naira, ba dalar da aka rubuta a shafi ba. Wannan layin shi ne zai riƙa sanyaya maka jiki idan ka ga rangwame.

Don ka tattaro na baya, shiga imel ɗinka ka nemi sunan kowane shago ɗaya bayan ɗaya, ka kuma shiga asusunka na kowane shago ka duba tarihin sayayya. Sannan ka buɗe foldar Community, inda ake girka kayan ƙarin da aka sayo daga wajen manhajar, ka gwada abin da ke ciki da abin da ka rubuta. Akwai manhajar kyauta mai suna Little Navmap, tana karanta abin da ke kwamfutarka ta nuna maka filayen ƙari a kan taswira da alama ta daban. Daga yau imel ɗaya kacal za ka riƙa saye da shi, kuma fayil ɗin girkawa da rasit ka ajiye kwafinsu a wani faifan ajiya na waje. Shago yakan rufe, mai ƙerawa yakan janye kayansa.

Wani abu kuma, ka duba wane zubi na manhajar ka saya. A manhajar da ta fito a 2020, zubin Deluxe ya zo da filayen Amsterdam, Alƙahira, Cape Town, Chicago O'Hare da Madrid waɗanda aka ƙera da hannu. Premium Deluxe ya ƙara Denver, Dubai, Frankfurt, Heathrow da San Francisco. In Premium Deluxe gare ka, to Dubai uku kake da su, ba biyu ba.

Tambaya: Malam, na girka wani fili sai na ga gine-gine sun hau kan juna, jirgina ma a cikin bango yake farawa. Kayan ne marar kyau? Daga Maraɗi.

Amsa: Kayan lafiyarsu ƙalau, fili biyu ne suke rigima a wuri ɗaya. Ka nemi haruffa huɗun filin a foldar Community, ka kuma duba Content Manager a cikin manhajar, ka cire ɗaya. In X-Plane kake amfani da shi, wato wata manhajar tuƙa jirgi ta wani kamfani daban, ka buɗe fayil ɗin scenery_packs.ini da ke cikin foldar Custom Scenery. Abin da ke sama shi yake rinjaye, saboda haka filayen jirgi su zauna a sama, hotunan ƙasa da tsarin tuddai su koma can ƙasa. Mai kaya da yawa a Microsoft ya nemi MSFS Addons Linker, kyauta ce. Za ka ajiye kayanka a wata folda daban, ka riƙa kunna waɗanda za ka bi ta kansu yau kawai. Manhajar ma za ta fi saurin tashi.

Tambaya: Akwai wani a Telegram da yake sayar da faifai cike da filaye sama da ɗari biyu da jirage a kan naira dubu ashirin da biyar. Ya ce duk na asali ne, an dai cire musu makulli ne kawai. In saya? Ai ya fi araha nesa ba kusa ba. Daga Kano.

Amsa: Kada ka saya. Kuma tun da ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, ka gyara zama.

"An cire musu makulli" sunanta sata. Fili guda mai kyau yawanci dala goma sha ne zuwa ashirin da wani abu. Kai da kanka ka lissafa ɗari biyu a canjin yau, ka gaya mini ta ina dubu ashirin da biyar za ta biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin nan ko dai ya kwaso kayan sata ya zuba maka, ko ya kwaso na kyauta daga shafin intanet na flightsim.to, waɗanda masu su suka ajiye don kowa ya ɗauka, ya sayar maka da abin da ba nasa ba. Ta farko ka zama abokin ɓarawo, ta biyu an mayar da kai wawa. Zaɓi wadda ta fi maka.

Mutane suna ɗauka manyan kamfanoni ne masu tarin kuɗi suke yin filayen nan, don haka cin nasu ba komai. Da yawa daga cikinsu mutum ɗaya ne ko biyu, da suka yi watanni suna auna gini da hotuna suna jera fitilun titin jirgi ɗaya bayan ɗaya. Kuma mu ne kullum muke kukan an manta da filayen Afirka, kowa Turai da Amurka yake ƙerawa. Mai ƙerawa inda ake biya yake kallo. In duk wanda ya yi filin yankinmu washegari zai gan shi a Telegram, wa zai sake ɓata lokacinsa a kanmu?

Mu bar batun halal da haram ma, tun da na san wasu sun toshe kunne, mu zo kan aljihunka. Fayil ɗin da za ka danna ya girka maka kayan, kai ne za ka ba shi izinin shiga ko'ina a kwamfutarka, kuma mai sayarwar zai ce ka kashe manhajar tsaro tukuna "don kada ta hana". A cikin wannan kwamfutar kake shiga imel, a nan burauza ta adana kalmomin sirrinka, wataƙila har lambar katin banki. A Fabrairun 2018 an gano cewa kamfanin FlightSimLabs ya saka wani ɗan fayil a cikin manhajar girka jirginsa A320, wanda aikinsa kwashe kalmomin sirrin da ke cikin Chrome. Kamfanin ya ce masu amfani da lambobin sata ya yi wa tarko, kuma bayan an yi masa ca ya cire shi. Wannan fa kamfani ne mai suna da adireshi, wanda ake iya kamawa da magana. To ina ga mutumin da ba ka san ko sunansa na gaskiya ba, wanda gobe zai goge asusunsa ya buɗe wani?

Sannan kayan sata ba sa samun sabuntawa. Microsoft da Asobo, kamfanin da ya ƙera ta, suna sabunta manhajar lokaci zuwa lokaci, kuma sabuntawar takan karya wasu kayan ƙari har sai mai su ya gyara. Wanda ya saya da rasit zai sauke gyaran. Kai kuwa za ka zauna da filaye ɗari biyu, ɗaya daga ciki yana rufe maka manhaja ana tsakiyar tafiya, ba ka san wanne ba, ba ka da wanda za ka tambaya. Ga su sun cinye maka wuri a faifai, alhali in za ka faɗi gaskiya filayen da kake sauka a cikinsu ba su kai goma ba.

In babu kuɗi, babu kunya a ciki. Manhajar 2020 ta zo da filaye kusan dubu 37. Sabuntawar yankuna da ake kira World Update kyauta ce, tun daga ta Japan a Satumbar 2020, da ta Amurka, da ta Birtaniya da Ireland, har zuwa na bayansu. Ga flightsim.to ga masu Microsoft, ga Scenery Gateway ga masu X-Plane. Datar saukewa kawai za ka saya, ita ma ka san yadda ta koma tun ƙarin kuɗin 2025. Dubu ashirin da biyar ɗin nan ka zuba ta a data.

Tambaya: Ɗana mai shekara sha biyar yana son zama matuƙin jirgi. Mun saya masa Xbox, yanzu ina ganin ana cire kuɗi a katina, in na tambaya sai ya ce filin jirgi ya saya. Ban gane komai a ciki ba, ina tsoron ko caca ce ko 'yan damfara. Ba na so kuma in kashe masa gwiwa. Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba caca ba ce. Yaron yana sayen hoton filayen jirgi ne da aka ƙawata don ya riƙa sauka a cikinsu, kuma a Xbox shago ɗaya ne tak, wato Marketplace na Microsoft, don haka 'yan Telegram ɗin can ba su da hanya a kansa ta nan. Sha'awa ce mai kyau, yana koyon taswira da yanayi da lissafi ba tare da ya sani ba, kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ba ta da nisa da ku in Allah ya nufa.

Amma katin naki ya fita daga na'urar yau. Ki sa wani babba a gidan ya buɗe masa asusun yaro a ƙarƙashin tsarin iyali na Microsoft, a kunna neman izini kafin saye. Ku shiga tarihin sayayya tare, ki sa shi ya rubuta duk abin da ya saya da farashinsa a naira, da hannunsa. Ki duba kuma ko cirewar tana zuwa a rana ɗaya kowane wata. In haka ne, wataƙila Game Pass ne, wato rajistar wasannin Xbox mai sabunta kanta, ba fili ba, kuma ana iya kashe sabuntawar. Daga nan ki yanka masa abin da za ki iya, ko fili ɗaya bayan kowane sakamakon jarrabawa. Kada ki yi masa faɗa a gaban ƙannensa, da alama bai san nawa dala take komawa a naira ba. Allah ya raya mana shi.

Tambaya: Ina da ta 2020 a shagon wasanni na Steam, ina so in koma ta 2024 a Microsoft Store. Kayana za su biyo ni? Daga Kumasi.

Amsa: Ka yi hattara ɗan'uwa. Abin da ka saya a Marketplace ta Steam yana ɗaure da Steam, ba ya tsallakawa zuwa Microsoft Store. In za ka sayi ta 2024, wadda ta fito a Nuwamban 2024, ka tsaya a shagon da kake. Na sauran shaguna kuwa ya danganta da mai ƙerawa: wani ya ba da sabon zubi kyauta, wani ya nemi ɗan ƙari, wani ya yi shiru. Ka bi jerinka ɗaya bayan ɗaya ka duba shafin kowanne kafin ka biya. Ka kuma sani ta 2024 tana jawo yawancin abin da kake gani daga intanet kai tsaye kana cikin tafiya. In layinka mai yankewa ne, ka zauna a kan ta 2020.

Tambaya: Rangwamen Black Friday ya kusa. Waɗanne filaye zan tara kafin in sayi kwamfutar? Yanzu laftof ɗina mai RAM giga huɗu ce. Daga Gombe.

Amsa: Ko ɗaya. Ta 2020 mafi ƙarancin abin da take nema giga 8 ne, ta 2024 kuma 16, ban da katin hoto. Rangwamen nan duk ƙarshen Nuwamba yake dawowa. Tara kuɗin kwamfuta tukuna, in ka saya ka sake rubuto mini.