Agogon da ke kwana a caji

Ka ce in gaya maka ko agogon waya ya fi namu na da cancantar a ɗaura a hannu, kuma ko mu fara karɓar gyaransa a teburin nan. Na san inda tambayar ta fito. Ka ga na hannun yaron can mai sayar da kati, yana taɓa fuskarsa tana haske, idonka ya kasa ɗaukewa. To ajiye buroshin nan ka saurara, don ba zan maimaita ba.

Wajen faɗin lokaci daidai, ya fi namu, ba na gardama. Daga waya yake karɓar lokaci, ita kuma daga kamfanin layi, saboda haka ba ya gudu ba ya jinkiri. Seiko 5 ɗin da ke gabanka yana iya ƙara ko rage daƙiƙa 20 a yini, kuma lafiyarsa lau. Amma wa ya taɓa rasa jam'in Azahar saboda daƙiƙa 20? In daidaito kake nema, tun 1969 Seiko suka fito da agogo mai batir, irin wanda a na yanzu ɗan dutsen cikinsa ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda. Casio F-91W, baƙin nan na roba da kuke rainawa, tun 1989 ake yin sa, batirinsa ɗaya yana kai shekara 7, kuma a wata guda da ƙyar ya kauce da rabin minti. Shi kuwa Apple Watch da ya shigo kasuwa a 2015, masu shi da bakinsu suka ce cajinsa awa 18 ne. Wato kowane dare sai ka kwance shi ka jona, a garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama.

Sai zafi. Batirin da ke cikinsa irin na waya ne, ba ya shiri da rana. Su masu yin sa sun ce ya fi son aiki a ƙasa da digiri 35. Kai ɗan Garwa ne, ka san me watan Maris da Afrilu ke yi mana a bakin Binuwai, 40 ma wucewa ake yi. Batirin sai ya kumbura ya turo gilashin sama. Da irin wannan kumburin aka cuce ni, kuma har gobe in na tuna sai na ji abinci ya fita raina.

Wani saurayi ne ya zo, shadda mai maiƙo, turare tun daga bakin layi, makullin mota yana kaɗawa a yatsa. Ya gaishe ni har da rusunawa, Baba kaza Baba kaza. Ya ce an gaya masa duk kasuwar nan babu hannun da ya kai nawa, abin da kuma gaskiya ne. Ya miƙo agogo, ya ce Apple ne, wansa ya aiko masa daga Dubai, gilashin ya ɗago ta gefe, batir kawai za a canza. Ya ajiye kafin alƙalami ba tare da ya nemi ragi ba, ya ce zai je Marwa ya dawo.

Ka san al'adata. Duk agogon da ya shigo hannuna, ina buɗe murfin baya in karta alamata da kwanan wata a ciki da bakin allura, a gaban mai shi. Haka maigidana ya koya min, haka masu gyara ke yi ko'ina a duniya. Akwai agogunan da ke dawo min bayan shekara 20 in ga rubutuna a ciki. To wannan ba shi da murfin da ake kwancewa, da gam aka liƙe shi. Sai da dare na ɗumama shi a hankali na ɗaga gilashin. Me zan gani? Ɗan falle na lantarki da bai kai farcen babban yatsa ba, batir ƙarami a kumbure, sai guntun ƙarfe da aka manna don abin ya yi nauyi a hannu. Jabu ne tsantsa, irin wanda ake zubawa a faranti a tasha.

Da ya dawo na nuna masa, da zuciya ɗaya, ina ma tausaya masa cewa an cuci wansa. Wallahi yaro, nan take fuskar nan ta canza. Ya ɗaga murya ya ce na musanya masa, nasa na asali ne. Kafin in rufe baki abokansa biyu sun ɓullo, ɗaya riƙe da kwali, ɗaya da rasiɗi mai tambari. Wa ke yawo da kwalin agogo a mota in ba da shiri ya zo ba? Mutane suka taru. Ni da na yi shekaru ana ba ni ajiyar agogon zinariya ba takarda, aka tsaya ana kallona kamar ɓarawon akuya.

Aka kai magana gaban dattawan kasuwa. Na ce musu agogon Apple na gaske ba ya haɗuwa da kowace waya sai iPhone, wannan kuwa ranar da ya kawo shi Tecno na gani a hannunsa. Sai ya zaro iPhone daga aljihu, ta abokinsa ce ko tasa, Allah masani. Dattawa ba su san kan abin ba, su dai sun ga kwali, sun ga rasiɗi, sun ga agogo a buɗe a teburina. Aka ce a yi sulhu, in biya rabi, sefa 120,000. Na ce a ba shi Alƙur'ani ya rantse, aka ce haba malam, ka girmi wannan, a rufa wa juna asiri. Asirin wa? Nawa dai aka tona.

Ba ni da kuɗin a ƙasa. Rado ɗina na sayar, Diastar, mai jikin nan da ba ya karcewa, wanda na saya hannun wani alhaji da ya dawo daga Makka tun kafin a karya darajar sefa a Janairun 1994. Shekara da shekaru yana hannuna, mai kawai nake sa masa. Wanda ya saye shi yana nan a garin nan, ina ganin sa a masallacin Juma'a, agogon na ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi, ni kuwa sai in kau da kai. Daga baya na ji labarin saurayin ya yi wa wani mai gyaran waya irin wannan a Ngaundare. Ban bi sawu ba, na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ka lura da abu guda a nan: ranar da na shiga uku, Rado ne ya zama kuɗi a cikin awa guda. Je ka ɗauki agogon waya mai shekara 5 ka zaga kasuwa ka ga wa zai taya. Ko na asalin ne, sau da yawa batir ya gaji, kamfani ya daina aiko masa sabuwar manhaja, sabuwar wayarka ta ƙi karɓarsa. Namu kuwa uba na mutuwa ya bar wa ɗa, a kawo min in wanke injin, in sa mai, ya ci gaba da bugawa. Yadda ake wankin da sa man ba zan tsaya faɗa maka ba, wanda ya shekara a teburin nan bai iya wannan ba gara ya koma tallan ruwa.

Ban ce ba shi da amfani ga kowa ba. Koren hasken da ke bayansa, a na gaskiya, yana leƙa jinin da ke gudana ƙarƙashin fata ya ƙirga bugun zuciya. Dattijo mai ciwon zuciya da likita ya ce ya riƙa lura, ko ɗan ƙwallo mai atisaye, in yana da hali ya saya, kuma ya sayi na asali. Na jabun, ɗaura shi a ƙafar kujera ka gani, zai ce maka zuciyar kujera na bugawa 75. Masu cewa yana auna sukari kuma, ƙarya suke. A 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su dogara da agogo ko zoben da ke cewa yana auna sukari ba tare da an huda fata ba. Amma ku samarin yanzu ba zuciya ce ta dame ku ba. So kuke saƙon budurwa ya faɗo a hannu mutane su gani, alhali wayar na aljihu, tazarar taƙi ɗaya. Har ƙirga muku takun ƙafa yake yi, ku da ko bakin titi sai kun hau babur. In lokacin salla ne hujjarka, akwai agogon Alfajr, yana kiran lokaci ba tare da ya nemi waya ba.

Batun karɓar gyaransa, a teburina babu. Wanda ya kawo, nuna masa layin masu waya. In madauri kawai yake so, sayar masa, amma shi zai cire da hannunsa ya sa da hannunsa, kada yatsanka ya taɓa jikin agogon. In ka buɗe naka shagon wata rana ka ga dama ka karɓa, to ka sa ya kunna shi a gabanka, ya haɗa da wayarsa, ka rubuta lambar jikinsa a littafi, maƙwabta biyu su gani, ya sa hannu. Yanzu miƙo min hantsaki, mai Citizen ɗin can bayan La'asar zai zo.