Wane salon haruffa masu kauri ya dace da tambarin wasanni da na fasaha?

Tambaya: Ina da aiki biyu, tambarin ƙungiyar ƙwallon kwando da na wata manhajar waya. Zan iya yi musu duka da Impact, tunda yana da kauri?

Amsa: Kaurin ba shi ne matsalar ba, inda za a karanta rubutun shi ne. Impact, wanda Geoffrey Lee ya zana a 1965, an yi shi ne don manyan kanun talla. Haruffansa a matse suke, kuma kofofin da ke cikin a, e, o da 8 'yan ƙanana ne. A jikin allo yana da kwarjini, amma da zarar ka rage shi ya koma tambarin manhaja, kofofin sai su toshe, rubutu ya zama dunƙule.

Ga ƙungiyar wasa, matsattsun haruffa dogaye sun fi, domin suna ɗaukar suna mai tsawo a ƙirjin riga. Shi ya sa Nike ta daɗe tana amfani da Futura mai kauri kuma matsattse a tallanta. Irin waɗannan salo kamar Anton, Oswald da Bebas Neue kyauta ne a Google Fonts, rumbun salon haruffa na Google, sai dai Bebas Neue manyan baƙaƙe kawai gare shi. Kafin ka zaɓa, buga lambobi 0 zuwa 9, ka manna a bango, ka ja da baya kamar mita 10. In 3 ta yi kama da 8, ko 6 ta rikiɗe da 8, canza salo, don alƙalin wasa lamba yake karantawa. In za a yi surfani, tuna cewa zare yana cike ƙananan kofofi, saboda haka ƙara tazara tsakanin haruffa, kuma ka gyara wuraren da ke buɗewa da yawa, irin AV da LT, da hannu.

Abu biyu ke ɓata aiki: jan harafi ya yi tsawo ko faɗi da linzamin kwamfuta, da danna maɓallin kauri ko na karkata ga salon da ba shi da su. Layukan tsaye da na kwance sai su daina daidaita. Nemi salon da aka zana masa karkatacce tun asali.

Manhaja kuwa tana son haruffa masu faɗi da buɗaɗɗen ciki. Eurostile na Aldo Novarese, na 1962, yana ba da kamannin na'ura, amma an yi ta amfani da shi har ya fara gundura. Dubi Google, da tambarinta ya koma siffa mai sauƙi a 2015. Gwada tambarinka a ƙaramin girma, wato fiksal (ɗigon da ke haɗa hoto a fuskar waya) 16 da 32, fari a kan baƙi da baƙi a kan fari.

Sannan duba ko salon yana da ƙ, ɗ da ɓ, don da yawa ba su da su, kuma karanta lasisi: izinin bugawa a takarda ba lallai ya haɗa da sakawa cikin manhaja ba.