Ma'anar sooty da bambancinta da smoky

Ɗan'uwa, ka tambaya me sooty ke nufi a Turanci, kuma ko ɗaya take da smoky. Ba ɗaya ba ne. Sooty siffa ce da aka samo daga soot, wato kunkunniya, baƙin garin nan da hayaƙi ke bari a jikin abu. Duk abin da kunkunniya ta lulluɓe shi ake kira sooty: gindin tukunyar da ta sha murhun itace, rufin madafa, ko ƙwan fitila idan lagwani ya yi tsawo. Smoky kuwa tana siffanta abin da ke da hayaƙin kansa ko ƙamshinsa, kamar na bandar kifi. A furucin sooty a ce "suti", wasalin farko gajere ne kamar na foot.

Gwajin da nake koya wa ɗalibaina shi ne a goga yatsa a jikin abin, in ya fito da baƙi, to sooty ne. Haka mutanen Fatakwal suka riƙa gani tun ƙarshen 2016, lokacin da kunkunniya ta fara sauka a garin, a share tsakar ɗaki da dare, a wayi gari tafin ƙafa ya yi baƙi ƙirin. Sai dai ka kula, wani lokaci launin kawai ake nufi ba tare da wuta ba. Baƙin nan da ke manne wa ganyen mangwaro da lemo sunansa sooty mould, alhali fumfuna ce da ke tsirowa a kan ruwan zaƙin da ƙananan ƙwari ke zubarwa. Kada dai ka siffanta launin fatar mutum da kalmar sooty, cin mutunci ne.