Ga 'yar uwar da numfashinta ba ya kaiwa ƙasa

Wallahi 'yar uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce kina jan numfashi amma ba ya cika, an yi hoton ƙirji an ce huhunki lafiya ƙalau, kina tambaya ko faibro ce (fibromyalgia, cutar nan mai sa ciwon jiki ko'ina da yawan gajiya) ko tunaninki ne. Ba tunaninki ba ne. Shekara uku ke nan ina fama da shi.

Nawa ya fi tashi da hunturu. Wani dare wajen ƙarfe biyu na farka kamar an ɗaure min ƙirji da ɗankwali an ja. Ina ta hamma ko iska za ta shiga, yatsuna kamar kiyashi na bi, kaina na juyawa. Maigida ya kai ni asibiti, aka maƙala min abin auna iskar jini a yatsa, ya nuna 98. Likitan ko ɗago kai bai yi ba, yana rubutu ya ce in rage tunani, mata mun cika son a tausaya mana. A gaban mijina ya faɗa! Hanyar gida ba wanda ya ce uffan. Washegari maganar ta kai kunnen surukata, wata guda duk wanda ya zo gaishe ni sai ta ce ai likita ma ya ce ba komai. Ciwon wannan daren ya wuce, amma wannan maganar har yau tana ci min rai.

Wata likita ce daga baya ta sa ni gwajin hura iska cikin bututu. Ta ce a masu faibro sau da yawa huhun kansa lafiya yake, matsalar naman da ke tsakanin haƙarƙari ne da wurin da haƙarƙari ya haɗu da ƙashin ƙirji. Suna ciwo, suna saurin gajiya, sai mutum ya koma numfashi sama-sama da sauri. Saurin nan yana fitar da iskar carbon dioxide fiye da kima, alhali jiki na buƙatar wani kaso nata ya zauna a jini, shi ke kawo jiri da zugin yatsu.

Abin da ke taimaka min: in kwanta, hannu ɗaya a ciki, in shaƙa ta hanci har ciki ya taso, in fitar a hankali da tsukakken baki kamar mai hura koko. Tsumma mai ɗumi a ƙirji. Turaren wuta kuwa na haƙura da shi, duk da ina sonsa.

Don Allah kar ki ɗora komai a kan faibro. Ki sa a duba ƙarancin jini, asma da zuciya, kuma idan kina minshari ki faɗa musu. In kina shan pregabalin, maganin ciwon jijiya da ake ba masu faibro, kar ki haɗa shi da tramadol ko kodin ba da sanin likita ba, haɗin yana rage numfashi, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2019. Ciwon ƙirji mai bin hannu ko leɓe ya canja launi, asibiti kai tsaye, ko da za su sake raina ki.

Wane magani kike sha yanzu? Kuma nakin da dare ya fi tashi ko bayan aiki?