Amsa: daga opera zuwa jaz

'Yar'uwa, kin tambaya ko horon opera (wasan kwaikwayon Turai da ake yi da waƙa) zai hana ki rera jaz (salon kiɗa da waƙa da ya samo asali daga baƙaƙen Amurka). Sam. Mawaƙiyar jaz Cécile McLorin Salvant ta koyi salon waƙar Turai dangin opera a Aix-en-Provence ta Faransa, ta kuma lashe gasar jaz ta Thelonious Monk a 2010.

Numfashin da kika koya, riƙe shi gam. Makirufo ne zai wahalar da ke: an saba miki cika zaure da murya, yanzu kuwa tazarar yatsu huɗu ce tsakaninku, don haka ki sassauta, ki rera kamar kina hira. Sauko da waƙar zuwa muryar ƙirji, karkarwar murya kuma ki ajiye ta sai ƙarshen sauti. In kina ƙirga bugun kiɗa huɗu-huɗu, ki riƙa tafi a bugu na 2 da na 4, domin nan 'yan opera suka fi tuntuɓe.