Filin Tambaya da Amsa: Giɓin Kasafi, Iyakar Bashi da Cacar Bakin Jam'iyyu

Tambaya: Kullum a rediyo sojojin bakan wannan jam'iyya na cewa waccan ce ta jefa ƙasa a ramin bashi, na waccan kuma su rama. Shin akwai dokar da ta ce ga inda gwamnati za ta tsaya wajen cin bashi? Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari.

Amsa: Akwai, Alhaji, har guda biyu, kuma duk na shekarar 2007 ne. Ta farko ita ce dokar da ta tsara yadda za a riƙa kashe kuɗin gwamnati bisa ƙa'ida. Ta ce giɓin kasafi, wato ratar da ke tsakanin abin da gwamnati za ta samu da abin da za ta kashe, kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara, sai idan tsaron ƙasa ya shiga haɗari. Ta kuma ce bashi na manyan ayyuka ne da gina ɗan Adam, kuma a nemo shi da sauƙin ruwa da dogon wa'adi. Ta biyu ita ce dokar Babban Banki, wadda sashe na 38 nata ya ƙayyade rancen wucin gadi da bankin zai ba gwamnati a kan kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar bara, a kuma biya kafin shekara ta fita.

To ina gizo ke saƙar? Dokar farko ba ta tanadi wani hukunci mai tsauri ga wanda ya karya ta ba. Shi kuwa rancen Babban Banki haka ya yi ta taruwa har ya kai naira tiriliyan 22.7. A watan Mayun 2023 Majalisar Tarayya ta amince a mayar da shi bashi na shekara 40 da ruwan kashi 9 cikin 100. Kuɗin nan an zuba su kasuwa ne ba tare da kaya sun ƙaru ba, kuma kai da ke sarin atamfa ka fi kowa sanin abin da hakan ya yi wa farashi.

Wata ɓarakar tun daga lissafi take. Ana gina kasafi ne a kan hasashen gangar mai nawa za a haƙa a rana, da farashinta, da canjin dala. Kasafin 2025 na naira tiriliyan 54.99 an ɗora shi ne a kan ganga miliyan 2.06 a rana, adadin da haƙar ba ta kai ba. Idan kuɗin shiga suka gaza, albashi da kuɗin ruwa ba sa jira, sai a rage manyan ayyuka ko a ƙara rance.

Batun laifin wane kuwa, ga abin da takardu suka nuna. A 2005, zamanin Obasanjo, ƙasashen ƙungiyar Paris, wato ƙungiyar ƙasashen da ke ba da bashi, suka yafe wa Najeriya kimanin dala biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12. Tun daga nan kowace gwamnati ta ƙara, ta PDP da ta APC. Alƙaluman Ofishin Kula da Basussuka sun nuna naira tiriliyan 97.34 a ƙarshen 2023, sai tiriliyan 144.67 a ƙarshen 2024. Kaso mai yawa na wannan tsallen faɗuwar naira ne: bashin dala biliyan 1 da ake lissafawa naira biliyan 460 kafin Yunin 2023, idan dala ta koma 1,500 ya zama tiriliyan 1.5 ba tare da an karɓi ko kwabo ba. A ganinmu ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne nawa biyan bashi ke cinyewa daga kuɗin shiga. Bankin Duniya ya ce a 2022 ya cinye kusan kashi 96 cikin 100 na abin da gwamnatin tarayya ta samu.

Tambaya: Ina jin ana cewa Amurka ta kusa kasa biyan bashi saboda rigimar majalisa. Yaya haka za ta faru ga ƙasa mai buga dala? Daga wata ɗaliba, Jami'ar Bayero.

Amsa: Malama, can tsarin daban ne. Majalisarsu tana yanka adadi a dala, ta ce baitulmali ba zai wuce shi ba, al'adar da ta faro tun 1917. Abin lura shi ne ɗaga iyakar ba ya ba da izinin kashe sabon kuɗi. Izini ne na ranto abin da za a biya hidimomin da majalisar da kanta ta riga ta amince da su. Shi ya sa jam'iyyar da ba ta riƙe da fadar shugaban ƙasa kan mayar da ƙuri'ar makamin ciniki. 'Yan Republican sukan nemi a zaftare kashe kuɗi, 'yan Democrat su nemi a ƙara wa masu hannu da shuni haraji.

A Janairun 2023 bashin ya taɓa iyakar dala tiriliyan 31.4. Baitulmali ya yi ta 'yan dabarun jinkirta wasu biye-biye na cikin gida har zuwa Yuni, lokacin da Shugaba Biden da kakakin majalisar wakilai Kevin McCarthy suka daidaita aka jingine iyakar zuwa farkon 2025. Ko ba a kai ga gaza biya ba, ja-in-jar tana da tsada: kamfanin S&P ya rage darajar Amurka a matsayin mai cin bashi a Agustan 2011, kamfanin Fitch, mai irin wannan aiki na auna masu cin bashi, shi ma ya yi haka a Agustan 2023. Kada ki haɗa wannan da rufe ma'aikatun gwamnati, irin na kwana 35 daga Disambar 2018. Wancan rashin amincewa da kasafi ne.

Tambaya: Gwamnatin jiha za ta iya ciwo bashi daga waje da kanta? Daga wani malamin makaranta, Gwale.

Amsa: Ba za ta iya ba, Malam. Bayan amincewar majalisar dokokin jiha, dole buƙatar ta bi ta Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya da Ofishin Kula da Basussuka, ta shiga jadawalin rancen da Majalisar Tarayya ke amincewa da shi, kuma gwamnatin tarayya ce ke tsayawa. Biya kuwa daga tushe ake cirewa, daga kason jihar na wata-wata kafin ya iso Kano. Don haka gwamnan da ya sa hannu yau yana rage abin da magajinsa zai karɓa, ko da jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce.

Idan aka kawo irin wannan buƙata gaban majalisa, ka tambayi wakilinku abu huɗu: da wane kuɗi za a biya, naira ko dala, ruwan nawa ne, shekara nawa, kuma wane aiki aka ɗaura wa kuɗin. Sukuk na tarayya na farko a 2017, wato takardun rance marasa ruwa bisa tsarin Musulunci, na naira biliyan 100, an ɗaura shi ne a kan hanyoyin da aka ambata da suna, har da ta Kano zuwa Maiduguri, shi ya sa ake iya zuwa a duba inda aka kwana.