Shin Ya Dace a Bar Ɗalibi Ya Tashi da Jirgi Shi Kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana koyon tuƙin jirgin sama, kuma kwanan baya ya kira ni cikin murna yana cewa malaminsa ya sauka ya bar shi ya tashi shi kaɗai, alhali bai kai awa 20 a sama ba. Yanzu kusan kullum aikinsa ke nan, ya tashi ya sauka ya sake tashi, ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Shin wannan ba ganganci ba ne? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yaro albarka, ya kuma kwantar miki da hankali. Abin da aka yi masa ba ganganci ba ne, sharaɗi ne na samun lasisi. A ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda takwararta ta Najeriya, NCAA, ke bi, mai neman lasisin farko na tuƙin ƙaramin jirgi sai ya yi aƙalla awa 40 a sama, kuma awa 10 daga ciki dole ya kasance shi kaɗai ne a jirgin, malami yana lura da shi daga ƙasa. Ta wannan ƙofa matuƙan da suka fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, suka bi.

Ba yawan awoyi ake dubawa kafin a sallami ɗalibi ba. Malami yana jira ne ya ga an jera sauka da dama lafiya ba tare da ya sa hannu ko ya yi magana ba, ya kuma tabbatar ɗalibin ya san abin yi idan inji ya mutu jim kaɗan bayan tashi, kuma yana iya magana ta rediyo da hasumiyar kula da jirage ba tare da ya rikice ba. Sai bayan haka yake sa hannu a littafin tarihin tashin ɗalibin, sa hannun da shi ma za a tuhume shi a kansa idan aka samu matsala.

Shawagin da ɗanki yake yi ba ya nisa da fili. Yana tashi ne yana fuskantar iska, ya hau kusan ƙafa 1,000, ya zagayo gefen titin jirgi, sannan ya juyo ya daidaita hancin jirgin da titin. Zagaye ɗaya bai fi 'yan mintuna ba, kuma sau da yawa da tayoyi sun taɓa ƙasa sai ya ƙara wuta ya sake tashi. Duk wahalar tana cikin daƙiƙoƙin ƙarshe, lokacin da jirgin ya rage 'yan ƙafafu ya taɓa kwalta: a nan zai rage wuta, ya ɗaga idonsa zuwa can ƙarshen titi maimakon kallon gabansa, ya ɗan ɗago hancin jirgin a hankali har tayoyin baya su fara sauka. Idan ya yi gaggawar ɗagowa jirgin ya faɗo da ƙarfi, idan ya makara ya buga ƙasa ya yi tsalle. Wannan ba a koyonsa a allo, sai hannu da ido sun saba. Akwai kuma abin da ke ba kowane ɗalibi mamaki ranar farko: da malami ya fita, jirgin da nauyinsa bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba sai ya yi sakayau, ya riƙa hawa da sauri, wajen sauka kuma ya daɗe yana lilo a kan titi kafin ya zauna.

Ba kowace rana ake barin sa ya tashi ba. Hazon hunturu mai rufe gani, ko iska mai bugowa daga gefen titi, sun isa a soke tashin ɗalibi, shi ya sa aka fi son sanyin safiya kafin zafin rana ya sa iska ta fara jijjiga jirgi.

A ganina, Hajiya, tambayar da ta fi dacewa ki yi masa ita ce ko ya taɓa fasa sauka, wato ya ga bai daidaita ba ya ƙara wuta ya sake zagayowa. Idan ya ce e, ki yi farin ciki, domin ɗalibin da malamai ke tsoro shi ne wanda kunyar masu kallo ke sa shi ya tilasta wa jirgi sauka. Ranar da zai tashi kuma ki tabbatar ya samu isasshen barci da karin kumallo, ki yi masa addu'a, sannan ki ajiye duk wani labarin gida mai tayar da hankali sai ya kira ki da kansa bayan ya kashe inji.